Yadda Ake Tattaki Daga Wata Tashar Jirgin Ƙasa Zuwa Wata a Karkarar Ingila

'Yan'uwa mazauna Birtaniya, musamman ɗalibai da ma'aikatan jinya waɗanda ba su da mota, suna yawan tambaya ta yaya mutum zai fita daga cunkoson gari ya shaƙi iskar karkara a ranar hutunsa ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ko ya ɓata a hanya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a hau jirgin ƙasa a sauka a wata ƙaramar tasha, a taka da ƙafa ta cikin gonaki da dazuzzuka zuwa wata tashar, sannan a hau jirgi a koma gida. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne cewa lissafin wannan tafiya daga ƙarshenta ake fara shi, wato daga jirgin da zai mayar da kai gida da kuma lokacin faɗuwar rana. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

1. Zaɓen hanya

A karon farko ka zaɓi tashoshi biyu da suke kan layin dogo ɗaya, kuma zai fi kyau a ce akwai tasha ta uku a tsakaninsu, domin idan ƙafa ta gaza ko ruwa ya tsuge kana da wurin yanke tafiya. Kada nisan ya wuce kilomita 8 zuwa 10.

Ga mazaunin Landan, hanyar da nake fara nuna wa kowa ita ce daga Otford zuwa Eynsford a yankin Kent, tafiyar kimanin kilomita 9 zuwa 10 da ke bin kwarin kogin Darent. Daga tsakiyar Landan jirgi ba ya cin awa guda. Hanyar ba ta da hawa mai wahala, ta ratsa ƙauyen Shoreham wanda ke da tasharsa, ta wuce gonar furen lavender da ke cika ido a ƙarshen Yuni da watan Yuli, ta bi ta Lullingstone inda akwai kufan wani gida na zamanin Rumawa, sannan ta shige ƙarƙashin doguwar gadar jirgi ta jan bulo kafin ta shiga Eynsford. Wata mai sauƙi ita ce daga Tring zuwa Berkhamsted, a layin da ke tashi daga Euston, ko dai ta gefen haƙaƙƙiyar hanyar ruwa ta Grand Union, wadda a miƙe take ba hawa ba gangara, ko ta ƙauyen Aldbury da dajin Ashridge ga mai son ɗan hawa.

Mazauna Manchester da Sheffield suna da layin Hope Valley. Ana sauka a Edale, a hau dutsen Mam Tor mai tsayin mita 517, a bi doron tudu har Lose Hill, a gangara zuwa tashar Hope. Wannan tafiya ta fi ta Kent wuya, kuma iskar da ke kaɗawa a saman ba ta wasa ba ce ko da rani.

Gargaɗi: hotunan fararen duwatsun alli na Seven Sisters da ke yawo a intanet suna jan mutane su fara da hanyar Seaford zuwa Eastbourne. A ganina wannan kuskure ne. Tafiyar ta haura kilomita 20, hawa da sauka ne ba ƙaƙƙautawa, kuma a bakin kogin Cuckmere babu gada, sai an zagaya ta cikin tudu zuwa gadar Exceat. A bar ta sai ƙafa ta saba. Wanda ya je kuma ya nisanci bakin dutsen da aƙalla mita 5, domin allin yakan zaftare ba sanarwa.

Shafin Saturday Walkers Club yana da ɗaruruwan irin waɗannan hanyoyi kyauta, da bayanin kowace kwana. Wanda ba ya son fita shi kaɗai zai iya bin ayarin ƙungiyar Ramblers ko na Muslim Hikers.

2. Lissafin lokaci daga ƙarshe zuwa farko

Ka fara duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi a ranar. A Landan, a watan Disamba, tana faɗuwa kafin ƙarfe 4:00 na yamma, a watan Yuni kuwa sai bayan 9:00 na dare. Ka tsara isa tashar ƙarshe aƙalla awa guda kafin faɗuwarta. Daga nan sai ka buɗe shafin National Rail Enquiries ka rubuta lokutan jiragen komawa guda uku a takarda: wanda kake so, wanda ke biye da shi, da na ƙarshe a ranar.

Sannan ka lissafa tafiyar kanta. A cikin gonaki masu taɓo da shingaye, mutum mai matsakaicin ƙarfi yakan ci kilomita 3 zuwa 4 a awa. A ƙara kimanin minti 10 a kan kowace mita 100 ta hawa, a ƙara awa guda ta cin abinci da salla, a ƙara rabin awa na ɓatan hanya, domin kusan kowa sai ya ɗan kauce ko da sau ɗaya. Da wannan lissafi, tafiyar kilomita 10 tana buƙatar awa huɗu da rabi, don haka a hunturu dole ƙafarka ta kasance a kan hanya kafin ƙarfe 10:30 na safe.

Gargaɗi: ranakun Asabar da Lahadi ne ake gyaran layin dogo. Sau da yawa akan rufe wani sashe a sa motocin bas su maye gurbin jirgi, tafiyar minti 40 ta koma ta awa biyu. Ka duba jadawali kwana biyu kafin tafiya, ka sake dubawa da safen ranar. Ranar Lahadi kuma jirage sun fi ƙaranci, wasu ƙananan tashoshi jirgi ɗaya ne a awa. Ka tuna har ila yau cewa ana mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, daga ranar duhu yake fara riskar masu tattaki.

3. Sayen tikiti

A nan ne aka fi asarar kuɗi, don haka zan ɗan tsawaita. Idan tashoshin biyu suna kan layi ɗaya, ka sayi tikitin zuwa da dawowa na yini guda mai suna Off-Peak Day Return zuwa tashar da ta fi nisa daga gidanka. Misali, Otford ta fi Eynsford nisa daga Landan, saboda haka tikitin Otford zai kai ka, kuma da shi za ka hau daga Eynsford ka dawo. Haka Tring ta fi Berkhamsted nisa. Idan tashoshin suna kan rassa daban, kamar Seaford da Eastbourne waɗanda layinsu ya rabu a Lewes, ka sayi na zuwa da dawowa zuwa inda za ka ƙare tafiya, ka ƙara tikitin zuwa kawai daga mararrabar zuwa inda za ka fara. Idan abin ya rikice maka, ka gaya wa mai sayar da tikiti a tasha sunayen tashoshin biyu, zai haɗa maka mafi araha.

Katin rangwame na Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Tun daga watan Maris na 2025 ana sayar da yawancin nau'o'insa fam 35 a shekara, kuma mai yawan fita yakan mayar da kuɗinsa. Akwai na masu shekara 16 zuwa 25, wanda ɗalibi mai karatu na cikakken lokaci zai iya samu ko da ya wuce 25, akwai na 26 zuwa 30, akwai na mutum biyu masu tafiya tare. Ga mazauna Landan da kudu maso gabas akwai Network Railcard, wanda ba ya duba shekaru, kuma yana ba wasu manya uku da ke tare da mai katin rangwame iri ɗaya, amma a ranakun aiki sai bayan ƙarfe 10:00 na safe yake aiki. Mutum uku zuwa tara da ke tafiya tare kuma suna iya neman rangwamen GroupSave a kamfanoni da yawa ba tare da wani kati ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya, daga 5 zuwa 15 rabin kuɗi ne.

Gargaɗi: kada ka sayi tikitin Advance domin dawowa komai arharsa, saboda a ɗaure yake da jirgi guda, idan ka makara ya tashi a banza. Ka duba ko an rubuta a jikin tikitin cewa jirgin kamfani ɗaya kawai aka yarda ka hau da shi. Katin Oyster na sufurin Landan da taɓa katin banki a ƙofa ba a kowace tasha ta wajen Landan suke aiki ba, kuma rangwamen Railcard ba ya hawa kan katin banki. Wanda aka kama ba shi da tikitin da ya dace a Ingila, tarar fam 100 ce ban da kuɗin tafiyar, tana sauka zuwa 50 idan an biya cikin kwana 21. Sai kuma a kula da suna wajen saye: Shoreham ta Kent daban, Shoreham-by-Sea da ke bakin teku a Sussex daban, kuma na'urar sayar da tikiti tana jera su kusa da juna.

4. Taswira da waya

Taswirar da ta dace ita ce ta Ordnance Survey, nau'in Explorer mai bango ruwan lemo, inda santimita 4 ke nufin kilomita 1. Tana nuna kowane shinge da kowace gona, kuma hanyoyin da doka ta ba jama'a damar bi an zana su da koren layi mai tsinke-tsinke. Kuɗinta fam goma da 'yan kai ne, kuma ɗakunan karatu na unguwa da yawa suna ba da aronta. Akwai manhajar OS Maps a waya, sai dai lallai a sauke taswirar yankin tun daga gida, domin a cikin kwari sabis yakan ɗauke.

Gargaɗi: Google Maps ba ta san yawancin hanyoyin gona ba, takan tura mutum kan kwalta mai kwana-kwana inda babu gefen masu tafiya a ƙasa. Sanyi kuma yana shanye batirin waya da sauri. Idan tikitinka da katin rangwamenka da taswirarka duk a cikin waya suke, mutuwar batiri ta raba ka da su ukun a lokaci guda, don haka batirin caji na aljihu da igiyarsa wajibi ne.

5. Sutura da guzuri

Takalmi ne kan gaba. Daga Oktoba zuwa Afrilu hanyoyin karkara caɓi ne, musamman a bakin ƙofofin da shanu ke taruwa, kuma allin tudun kudu idan ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu. Ana buƙatar takalmi mai ƙasa mai haƙora wanda ruwa ba ya ratsa shi. A shaguna irin su Decathlon ana samun mai kyau daga wajen fam 40 zuwa 60, a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji kuma ƙasa da haka. Kada a fita doguwar tafiya da sabon takalmi, a fara yawo da shi a unguwa na wasu kwanaki, in ba haka ba diddige zai yi bororo tun kafin rabin hanya. A sa safa mai kauri, a jefa wata a jaka tare da filasta.

A jiki a sa tufafi marasa nauyi hawa-hawa waɗanda za a iya cirewa idan gumi ya zo, a ɗora rigar ruwa mai hula a sama. Wandon jins ba ya bushewa idan ya jiƙe, lema kuma iska ce ke karya ta. 'Yar'uwa mai hijabi za ta fi sakewa da doguwar riga da ta tsaya a gwiwa ko ƙasa kaɗan da wando mai faɗi, domin rigar da ke jan ƙasa tana kwasar laka kuma tana sarƙewa wajen tsallake shinge.

Ka ɗauki ruwan sha aƙalla lita ɗaya da rabi, da fulas na shayi idan lokacin sanyi ne, da abinci daga gida, da dabino ko gyaɗa na taunawa a hanya, da tocila, da leda ta zuba shara. Dalilin riƙe guzuri shi ne a ƙauyuka da yawa mashaya ce kaɗai wurin sayar da abinci, ƙaramin shagon ƙauye kuma yakan rufe da wuri, abin da ke cikinsa ma sau da yawa da naman alade.

Gargaɗi: dokar wuƙa a Birtaniya tana da tsauri. Abin da aka yarda a riƙe ba tare da wani dalili na musamman ba shi ne 'yar ƙaramar wuƙa mai naɗewa, marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Mafi alheri a yanka lemo da burodi tun a gida.

6. Salla da ban-ɗaki

A hunturu salloli uku suna faɗowa cikin awa huɗu: Azahar wajen ƙarfe 12:00, La'asar kafin 2:00, Magariba kafin 4:00. Ka fita da alwala, ka riƙe ƙaramar gora ta daban domin sabunta ta, da siririyar darduma mai ledar ƙasa. Daga Ingila alƙibla tana kudu maso gabas. A zaɓi gefen hanya inda ba za a tare wa kowa wucewa ba, ba cikin shuka ba, ba kuma filin da dabbobi ke kiwo ba. Ƙananan tashoshi galibi ba su da ban-ɗaki ko ma'aikaci, saboda haka a yi amfani da na cikin jirgi kafin a sauka.

7. Hawa da sauka

Ka duba allon da ke dandamali da kyau, domin wasu jirage sukan rabu biyu a hanya, taragon gaba su nufi wani gari, na baya su nufi wani. A wasu ƙananan tashoshi dandamalin gajere ne, ƙofofin wasu taragon kaɗai ke buɗewa, kuma ana sanar da haka kafin a isa. Ƙofa ba ta buɗe kanta, sai ka danna maɓalli. Da zarar ka sauka, kafin ka ɗaga ƙafa, ka tura wa wani na gida sunan tashoshin biyu da lokacin da kake sa ran dawowa.

8. Bin alamomin hanya

A Ingila da Wales yawancin filayen karkara mallakar mutane ne, haƙƙinka shi ne ka wuce ta kan hanyar da aka shata. Kibiya rawaya hanyar masu ƙafa ce kaɗai, shuɗiya ana raba ta da dawaki da kekuna, ja kuma har motoci na iya bi. Za ka ga kibiyoyin a jikin turaku da ƙofofi da matakalar katako da ake takawa a tsallake shinge. Ka'idar da ta fi amfani ita ce a kowace ƙofa ka tsaya, ka dubi inda kibiyar ta nuna, ka nemo ƙofa ta gaba da ido a ɗaya gefen gonar kafin ka shiga. Idan ka yi minti 10 ba ka ga wata alama ba, ka koma alamar ƙarshe da ka tabbatar da ita, kada ka yi ta kutsawa da fatan hanya za ta ɓullo.

Ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta, domin wataƙila manomi ne ya buɗe wa dabbobinsa hanyar ruwa. Inda hanya ta ratsa tsakiyar shuka a bi ta a jere ɗaya bayan ɗaya. Ba a hura wuta, ba a tsinkar amfanin gona. Idan hanya ta fito kan kwalta marar gefe, a yi tafiya ta hannun dama ana fuskantar motoci masu zuwa.

Gargaɗi game da layin dogo: hanyoyin ƙafa da yawa suna tsallaka layi a wuraren da babu mai gadi. Ka cire abin sauraro daga kunne, ka tsaya, ka duba dama da hagu, ka wuce kai tsaye ba tare da tsayawa ɗaukar hoto ba. A kudancin Landan da Kent da Sussex akwai ƙarfe na uku a gefen layin wanda ke ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 750, kuma a kunne yake ko babu jirgi.

Gargaɗi game da dabbobi: wanda ya tashi cikin shanu a gida kada sabo ya ruɗe shi. Shanun nan babu makiyayi tare da su, jikinsu ya fi na namu nauyi, kuma saniya mai ɗan maraƙi tana iya kai hari, abin da kan jawo asarar rai a ƙasar. A wuce su nesa-nesa cikin natsuwa, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada a gudu, idan kuma sun tare ƙofa a zagaya. Karnuka za ka haɗu da su da yawa, akasarinsu ba a ɗaure ba. Idan ɗaya ya nufo ka, ka tsaya cak ka naɗe hannu, ka roƙi mai shi cikin ladabi ya kira shi, yawancinsu za su yi haka nan take. Akwai kuma wani ganye mai baki kamar zarto da ke cika gefen hanya da rani, taɓa shi kaɗan yana sa zafi da ƙaiƙayi, dogon wando ne maganinsa.

9. Idan matsala ta auku

Lambar gaggawa ita ce 999 ko 112. A kan duwatsu ka nemi 'yan sanda ka ce a haɗa ka da masu ceto na kan dutse, a bakin teku ka nemi masu tsaron gaɓa. Za su tambaye ka inda kake, kuma manhajar taswira tana nuna lambobin wurin da za ka karanta musu. Idan gajiya ce kawai ko targaɗe marar tsanani, ka nufi tashar tsakiya ko ƙauye mafi kusa. Kada ka dogara da samun tasi ta manhaja a karkara, sau da yawa babu ko ɗaya, gara ka ajiye lambar wani kamfanin tasi na garin da ke kusa tun kafin fita.

10. Komawa gida

Tashoshin ƙauye da yawa ba a cikin ƙauyen suke ba. Ta Eynsford tana da tafiyar sama da minti 10 daga gadar ƙauyen, ta Hope ma tana waje da gari, ta Tring kuwa ta fi kilomita 2 daga tsakiyar garin. Ka sa wannan a lissafi, ka isa dandamali da saura minti 10, ka kuma tabbatar kana ɓangaren da jirginka zai tsaya, domin tsallakawa ta gadar sama tana cin lokaci. Ka karkaɗe lakar takalmi kafin ka shiga tarago.

Da isa gida ka duba jikinka, musamman bayan gwiwa da kugu da hammata, saboda kaska tana maƙalewa daga dogayen ciyayi da dazuzzukan da barewa ke yawo, kuma wasu suna ɗauke da cutar Lyme. A cire ta da ɗan hantsaki, a kama daf da fata a ja a hankali, idan kuma jan zobe ya fito a wurin ko zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni, a ga likita ko a kira 111, lambar neman shawarar lafiya. Idan jirginka ya yi jinkiri, ka ajiye tikitin, domin a ƙarƙashin tsarin Delay Repay yawancin kamfanoni suna mayar da wani ɓangare na kuɗi daga jinkirin minti 15, muddin an nema a shafinsu cikin kwana 28.